Jirgin Ƙasa a Ƙarƙashin Kwano: Nasiha ga Matasan Kurgu Masu Ƙere-ƙere

Ƙannena maza da mata na Kurgu, da na Tsamiya da Illo da Lolo da Ka'oje, har da na tsallaken iyaka wajen Segbana, da ku nake magana.

Duk shekara, da zarar an sare dawa kara ya bushe, unguwanninmu kan cika da motoci. Wani ya fere kara ya haɗa tirela, wani ya buɗe gwangwanin madara ya yi bodi, wani ya yanka tsohon silifa ya fitar da tayoyi, wani ya lanƙwasa waya ya yi sitiyarin da ya kai masa ƙirji. Ba a aji kuka koyi wannan ba. Ƙane ya gani a wurin wansa, shi ma ya ɗauki reza ya gwada. Ina jin daɗin ganin wannan hannu naku, kuma ina jin takaicin yadda yake tsayawa a nan. Motar kara 'yar mako biyu ce. Ko akuya ta ci ta, ko a take ta, ko ta ƙare a murhu, sai kuma baɗi. Abin da nake so ku gwada shi ne aikin da zai shekara yana tsaye: ƙaramin layin dogo a kan tebur, da jirginsa da taragunsa, a cikin zaure ko tsohon shago ko rumfar kwanon da ake ajiye babur.

Na zaɓi jirgi ne saboda mota tana da yafiya. Ko tayarta ɗaya ta karkace, in ka tura za ta tafi. Jirgi kuwa, in tsakanin ƙarafansa biyu ya ƙaru ko ya ragu da milimita ɗaya ko biyu, nan take zai sauka daga layi, kuma ba lallashin da zai maido shi sai an gyara awon. Yaron da ya yi shekara guda yana fama da wannan zai fito da wani hali da motar kara ba ta koyarwa, wato auna abu kafin a yanka, da riƙe awo guda daga farkon aiki har ƙarshensa.

Da yawanku ba ku taɓa ganin jirgin ƙasa da ido ba, kuma ba laifinku ba ne. Jihar Kebbi ba ta da layin dogo ko na taku ɗaya. Dogon da ya iso Kano a 1911 ya yi reshe daga Zariya ya bi ta Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. A ɓangaren Benin kuma, layin da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano ya kai Paraku a 1936, bayan kilomita 438, shi ma ya tsaya. Shi ya sa a da kayan Nijar da suka hau jirgi daga bakin teku sai an sauke su a Paraku, a loda wa manyan motoci, su bi ta Kandi da Malanbil su haye zuwa Gaya. An shimfiɗa wani layi na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma bai haɗu da na Paraku ba, kuma bai zama hanyar sufurin yau da kullum ba. Mu muna zaune a tsakiya, dogo ya nufo mu ta gabas, ya nufo mu ta kudu, ya nufo mu ta arewa, duk bai iso ba.

Ga abin da ya kamata mai shirin ƙera jirgi ya riƙe daga wannan tarihi. Faɗin tsohon layin Najeriya, daga cikin ƙarfe ɗaya zuwa cikin ɗaya, milimita 1,067 ne. Na Benin milimita 1,000 cif. Bambancin milimita 67 ne kawai, bai kai faɗin tafin hannu ba, amma da a ce layukan biyu sun haɗu a Tsamiya, tarago ɗaya ba zai iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da aka aza tubalinsa a 2021, faɗinsu milimita 1,435 ne, wanda bai dace da ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba. Ingila ta zo da awonta, Faransa ta zo da nata, zamani ya zo da na uku. Don haka kafin ku taɓa zarto, ku zauna da abokan aikinku ku tsayar da awo ɗaya.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, ƙera ƙaramin layin dogo sana'ar nishaɗi ce ta manya da yara. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da jiragen wasa masu ƙayyadadden faɗin layi tun 1891, kuma awon da ya fi yaɗuwa a yau shi ne wanda ake rage komai sau 87, tsakanin ƙarafan ya zama milimita 16.5. A birnin Hamburg akwai Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye suka buɗe a 2001, inda ƙananan layukan da aka shimfiɗa suka haura kilomita 16. Amma yawancin masu wannan aiki ba su da babban ɗaki. Da yawansu a garejin mota suke kafa teburinsu, inda babu abin ɗumama ɗaki, ga sanyin da ke daskarar da ruwa a wani lokaci, ga zafi da laima a wani. Layin da suka shimfiɗa sumul a wannan wata, bayan wata shida sai su tarar ya yi doro ko ya buɗe baki. Matsalarsu ita ce tamu, ko da yake mu ba ƙanƙara ke damunmu ba. A watan Afrilu zafin yankinmu kan haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka, alhali da asubahin Janairu yakan sauko wajen digiri 15. A Agusta laimar iska kan wuce kashi 80 cikin 100, da ranar hunturu kuma ta faɗo ƙasa da kashi 20. Ɗakin da za ku yi aiki a ciki yana canja hali sau huɗu a shekara, kuma duk abin da kuka ajiye masa zai canja tare da shi.

Mutane sukan ɗora laifin a kan ƙarfe, wai zafi ne ke miƙar da shi. Gaskiya ne yana miƙewa, zan zo kansa. Amma babban mai ɓarna shi ne katako. Kun san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, da hunturu kuma ta saki har ana hango waje ta gefenta. Kun san ƙotar gatari da ke yin lako-lako da rani. Katako, ko da ya shekara goma da yankewa, yana shan laimar iska ya kumbura kamar garin rogo a ruwa, in iska ta bushe kuma ya amayar ya tsuke. Abin lura a nan, wanda shi ne sirrin aikin gaba ɗaya, shi ne ba ta kowane gefe yake motsi daidai ba. Ta tsawonsa, wato yadda jijiyoyin itacen suka miƙe, kusan ba ya motsi. Ta faɗinsa ne yake kumbura. Falanki mai faɗin santimita 30 zai iya ƙaruwa da milimita biyar ko fiye tsakanin Fabrairu da Agusta, tsawonsa kuwa yana nan yadda yake.

To, ku duba abin da zai faru in kun kafa ƙarafan layinku kai tsaye a kan falanki, suna bin tsawonsa. Tazarar da ke tsakaninsu ta kwanta ke nan a kan faɗin katakon, gefen da ke motsi. Da damina layin ya buɗe, ƙafafun jirgi su faɗa ciki. Da hunturu ya matse, su cije. Maganin shi ne abin da masu dogon gaske suke yi: a kafa ƙarafan a kan 'yan gajerun itatuwa da aka gicciya a ƙarƙashinsu, kowane an yanke shi yadda jijiyarsa ta miƙe daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Da yake katako ba ya motsi ta tsawo, gicciyen zai riƙe muku faɗin layi rani da damina. Kada ku manne kowane gicciye da falankin ƙasa ta bakinsa biyu. Ƙusa ɗaya siririya a tsakiya ta isa, don falankin ya yi numfashinsa a ƙasa ba tare da ya ja layin ba.

Wajen zaɓen katako, tsoho ya fi sabo. Tsohuwar ƙofa, ko bencin da ya karye, ko guntayen maɗaci da kirya da kafinta ya watsar, duk sun fi sabon farin katako da aka sauke daga mota jiya, domin sabo yana ɗauke da ruwan da zai fitar a ɗakinku, kuma yana fitarwa yana murɗewa. In sabo kuka samu, ku jera shi a kwance a ɗakin da za a yi aikin, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ku ɗora dutse a sama, ku bar shi wata biyu ko uku. Na san wannan jira shi ne mafi wuya ga matashi. Ku cika lokacin da yanka gicciye da gwada ƙafafu. Filawud ya fi falanki zama lafiya, saboda an manna shi ne falle-falle, jijiyar kowane falle ta gitta ta na ƙarƙashinsa, sai suka riƙe juna. Rauninsa bakinsa ne, nan laima ke shiga ta ɗaye shi. Shi kuwa allon nan da ake matsa garin katako a yi, wanda ake haɗa durowa mai araha da shi, ku nisance shi, damina ɗaya ta ishe shi ya ruɓe.

Kowane kuka samu, ku shafe shi da fentin mai ko banish ta kowace fuska: sama, ƙasa, da bakuna huɗu. Yawancin mutane sama kawai suke shafawa don ita ake gani. Sai ƙasan ya sha laima ya kumbura, saman bai sha ba, allon ya lanƙwashe. Fenti ba ya hana katako numfashi gaba ɗaya, yana dai rage masa sauri, kuma in ya rage ta ko'ina daidai, allon zai zauna a miƙe.

Yanzu ƙarfe. Layin kanti yana da tsada kuma ba a samunsa a kasuwanninmu, saboda haka da hannu za ku yi naku. Abin da na fi ba da shawara shi ne siraran guntayen alminiyam da masu haɗa taga ke zubarwa. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, zarto na cin sa. Ku tsaga gurbi biyu a kowane gicciye, ku tsayar da alminiyam ɗin a kan gefensa a cikin gurbin. Amma alminiyam ya fi baƙin ƙarfe jin zafi kusan ninki biyu. Mita ɗaya ta baƙin ƙarfe tana ƙaruwa da kimanin milimita 0.012 a kowane digiri, ta alminiyam kuma 0.023. In ɗakinku yana tashi daga digiri 15 zuwa 45, kowace mita ta alminiyam za ta ƙaru da kusan milimita 0.7. A ido ba komai ba ne. A layi mai mita uku da aka matse bakinsa biyu kuwa, milimita biyu ke nan da ba su da wurin zuwa, sai su tura layin gefe ya yi ciki. Wannan ne dalilin da ya sa a tsohon dogo ake barin 'yar kafa a mahaɗar kowane ƙarfe biyu, kuma ita ce ke ba da ƙarar nan ta kacau-kacau da duk wanda ya taɓa hawa jirgin Kano zuwa Legas ya sani.

Ku ma ku bar kafa. Kada guntun ƙarfe ya wuce mita ɗaya. In da sanyin safiyar hunturu kuke shimfiɗawa, lokacin da ƙarfen ya fi gajarta, ku sa katin ATM a tsakanin baki da baki, kaurinsa milimita 0.76 ne, daidai abin da ake bukata. In da tsakar ranar bazara ne, ƙarfen ya riga ya gama miƙewa, kaurin takarda ya isa. Ku ɗaure kowane guntu da kyau a tsakiyarsa kawai, ku bar bakunansa su iya zamewa cikin gurbinsu. Lokacin da na fi so a yi shimfiɗar shi ne ƙarshen kaka, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da laimar damina ta ja baya, bushewar hunturu kuma ba ta kankama ba. Abin da aka kafa a tsakiya, rabin motsi kawai zai gani ta kowane ɓangare.

Game da faɗin layin, kada ku kwaikwayi milimita 16.5 na Turawa. Ya yi ƙanƙanta ga zarto da reza, kuma ƙwayar yashi ɗaya tana iya kayar da jirginsa. Ku ɗauki milimita 32. In kun raba 1,067 da 32 za ku sami 33 da 'yan kai, wato jirginku zai zama tsohon jirgin Najeriya da aka rage sau 33. A wannan awo, mutum mai matsakaicin tsawo santimita biyar ne, ƙofar ɗaki mai mita biyu santimita shida. Ku samo guntun ƙarfe, ku yi masa tsaga biyu da za su hau kan ƙarafan layi daidai, ya zama ma'auninku. Kada ku yarda da ido, kada ku yarda da rula a kowane gicciye, domin hannu yana gajiya ido yana ruɗuwa. Ma'aunin nan shi za ku riƙa ja a kan layin daga farko har ƙarshe. Haka ma wajen tsaga gurbi, ku haɗa ɗan akwatin da zai riƙe gicciye ya kuma nuna wa zarto hanya, don na farko da na ɗari su fito iri ɗaya.

Kowa zai so ya fara da da'ira don jirgi ya yi ta zagayawa. Ku danne wannan sha'awar. Ku fara da miƙaƙƙen layi a kan allo mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 30 ko 40, wanda mutum ɗaya zai iya ɗauka. In ya yi kyau, ku ƙara na biyu ku haɗa su da noti. Mu da muke kusa da kogin Kwara mun san shekarar da ruwa ke shigowa gari ba sallama. Teburin da aka kafe da bango sai dai a bar wa ruwa, amma allo-allo ana iya ɗorawa a ka a fita da su. Akwai wata fa'ida kuma. A Turai akwai ƙungiya mai suna FREMO, da aka kafa a 1981, wadda 'ya'yanta ke ƙera guntayen layi kowa a gidansa bisa awo ɗaya, sai su haɗu a babban zaure daga ƙasashe daban-daban su jona su. Ba abin da zai hana ku yin haka. In yaron Kurgu da na Illo da ɗan uwansu na Segbana suka yarda a kan faɗin layi, da tsayinsa daga ƙasa, da nisansa daga bakin allo, da tsayin ƙugiyar da ke haɗa taragu, suka yanke ma'aunansu rana ɗaya daga ƙarfe ɗaya, to ranar Salla za su iya jona allunansu a filin makaranta, tarago ya tashi daga na wannan ya sauka a na wancan.

Ƙafafun jirgi su ne inda gwanintarku ta silifa da marfin kwalba za ta yi amfani, amma da sabon sharaɗi. Kowace ƙafa tana da leɓe ta ciki wanda ke hana ta sauka, kuma ƙafa biyu a manne suke da sanda ɗaya, tare suke juyawa. Ku yanka faifai biyu daga roba mai tauri, ɗaya ya fi ɗaya faɗi kaɗan yadda leɓen zai leƙo da milimita biyu, ku manna su. Wayar ƙafar keke ta isa sanda, bututun biro kuma ya isa gurbin da za ta juya a ciki. Ku bar wasa na kamar milimita ɗaya tsakanin leɓɓan da ƙarafan layi. In kun gama tarago, ku ɗora shi a kan madubi. In ya yi rawa, ƙafa ɗaya tana sama ke nan, kuma ita ce za ta fara hawa kan layi ta kayar da sauran. Ku sa nauyi a ƙasan tarago, tsofaffin notuna ko tsakuwa, domin tarago marar nauyi da iska ma yana sauka. Sa'ad da kuka kai ga yin kwana, ku zana ta da sanda da ƙusa da fensir, ba da zare ba, don zare yana miƙewa. Kada nisan ƙusa zuwa tsakiyar layi ya gaza santimita 50, kada kuma mahaɗar ƙarfe ta faɗo a tsakiyar kwana.

Jiragen kanti suna shan wuta ne ta cikin ƙarafan layi, yawanci bolt 12. Wannan yana bukatar layi mai tsabta ƙal, abin da hunturunmu ba zai bari ba, ga shi alminiyam ba ya karɓar dalma da sauƙi. Ku ɗora batir a cikin kan jirgin kansa, sai ƙura ta rage iko a kanku. Ɗan injin da ke cikin matacciyar DVD ko tsohuwar rediyo mai kaset ko ƙaramar fanka ya isa, da batirin tocila biyu da makunni. Sai dai irin wannan inji yana juyi dubbai a minti, in kun haɗa shi kai tsaye da ƙafa jirgin zai yi tsalle ya bar teburin. Ku rage masa gudu da robar ɗaure kuɗi, daga siririn bakin injin zuwa faifai mai faɗi, in da hali hawa biyu. Jirgin gaske mai tafiyar kilomita 50 a awa, in an rage shi sau 33, santimita 42 yake ci a sakan, wato mita biyu a kusan sakan biyar. Duk abin da ya fi haka gudu ya daina kama da jirgi.

A nan ina roƙonku da babbar murya. Kada wani ya kuskura ya kawo wutar gida ko ta janareta kusa da layin nan. In kun yi amfani da batirin waya ko na fitilar caji, ku cire shi bayan wasa, kada ya yini a ƙarƙashin kwano, kada a huda shi, wanda ya kumbura kuma a rabu da shi, domin irinsa yana kamawa da wuta. Kuma kafin ku zura hannu ƙarƙashin tebur, ku haska, kunama na son irin wurin.

Shi ɗakin kansa yana bukatar nazari kafin a shigar da komai. Zauren ƙasa mai rufin azara ya fi rumfar kwano daidaiton zafi, don kaurin bango yana jinkirta shigar rana da fitarta, sai dai gara ta fi yawa a can. In kwano ne, ku ɗaura zana ko tsohuwar tabarma a ƙarƙashinsa ta tare zafin. Ku shiga ɗakin ana tsakar ruwan sama, ku yi wa duk inda ke yoyo alama da gawayi. Teburin ya yi tsayin kamar mita ɗaya, ya bar bango da tazarar tafin hannu, ƙafafunsa a kan dutse ko bulo, an shafe su da baƙin mai. Ku ɗora ƙwayar boris a kan allon, in ta gangara ku san akwai karkata, ku cusa wani abu a ƙarƙashin ƙafar da ta gaza. In an tashi daga aiki a rufe komai da tsohon zane. Leda tana tare ƙura, amma da damina tana kulle laima a ciki, sai fumfuna da tsatsa. Wajen mai kuma ku yi rowa: ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a bakin allura. Mai da ƙura in sun haɗu suna cin sanda da gurbinta. Da hunturu gara ma ku goga bakin fensir a wurin, ya fi.

Idan layi ya zauna, sai a zo ga ado, kuma a nan ne nake so ku buɗe ido a garinku. Hotunan da za ku gani a waya duk duwatsu ne masu ƙanƙara da gidaje masu jan rufi. Ku bar musu nasu. Ku gina tashar da ba a taɓa ginawa a Kurgu ba. Ku yi gada irin ta Tuga da kwale-kwale a ƙarƙashinta, ku yi fadamar shinkafa, da rumbuna, da kuka, da masallaci, da rumfunan kasuwa, da taragun da aka loda wa buhunan shinkafa da albasa da busasshen kifi. Ku ɗauki tef ku je ku auna rumbun gidanku na gaske, ku auna buhu, ku auna amalanke, ku raba kowane da 33. Lissafin da ke ba ku wuya a allo zai zo da kansa in rumbun ya fito ya fi masallaci tsawo. Don tudu da gangare, farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin ya fi laka, ba nauyi, ba ya shan laima, ba ya tsagewa, sai dai fentin mai da fetur suna narkar da shi, don haka a fara lulluɓe shi da takardar siminti da farin gam na kafinta. Kada ku manna komai da koko ko sitaci, abincin ɓera da kyankyaso ne. In a gidanku ba a son a sassaƙa siffar mutum ko dabba, ku girmama hakan, tasha da kaya da itatuwa sun isa su cika allo.

Ku nemi izinin mai gida kafin ku taɓa ɗakin, ku kuma gaya masa gaskiyar tsawon lokacin da za ku riƙe shi. Kada aikin ya ci lokacin salla, ko na gona, ko na makarantar boko da ta allo. Za a sami wanda zai ce ƙato da kai kana wasan yara. Kada ku yi musu, ku nuna masa ma'aunin da littafin lissafinku. 'Yan mata kuma, kada ku tsaya kallo daga bakin ƙofa. Hannun da ya iya ƙirga zare a saƙa da ɗinkin hula ya riga ya san riƙe awo, kuma yawancin aikin nan awo ne. Wanda abin ya shiga ransa ya sani akwai inda ake karanta shi da gaske: akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, akwai cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa a Zariya, akwai jami'ar sufuri a Daura. Ba na yi muku alkawarin aiki, amma duk layin da aka shimfiɗa a ƙasar nan yana bukatar masu bin sa suna dubawa, kuma ina so a sami 'ya'yan yankinmu na Bagudo a cikinsu.

Ku ma haka za ku riƙa bin naku. Ku ware littafi guda. A farkon kowane wata ku ja ma'auni a kan layin gaba ɗaya, ku gwada kowace kafa da kati, ku leƙa ƙarƙashin allo ko gara ta fara gini, ku duba cikin kan jirgi ko zanzaro ya yi ɗaki, ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata. Inda kafa ta rufe ruf a Afrilu, ku rage bakin ƙarfen kaɗan. Inda allo ya fara lanƙwasa a Agusta, ku ƙara masa sanda a ƙasa ku sake fenti. Mararrabar da ke karkatar da jirgi daga wannan layi zuwa wancan ita ce aiki mafi wuya a dogo, tana da harsuna biyu masu motsi da wata kafa da dole ƙafa ta tsallake, kuma rabin milimita yana ɓata ta. Ku bar ta sai shekara ta biyu, bayan littafinku ya nuna muku wane allo ne ya fi zama lafiya daga bazara zuwa bazara. A kan wannan allon za ku kafa ta.